AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Kafin A Kira Mai Gilashi

A wannan mako, da muka zazzage jakar takardu, sai muka tarar da guda huɗu duk a kan abu ɗaya suke magana, wato aikin gilashi a gida da masu yin sa. Saboda haka muka ga ya kyautu mu haɗa su mu amsa a zama guda, domin amsar wannan za ta amfani wancan.

TAMBAYA TA FARKO

Wani malamin makaranta ne daga Gusau ya aiko da ita. Ya ce: "Allah ya nufa ginina ya kai ga sa tagogi. Na kira masu aikin alminiyam da gilashi har mutum uku, kowa ya yanka mini kuɗinsa daban, na ƙarshe ma kusan rabin na farko ya nema. Ni kuwa a idona duk gilashi gilashi ne. Shin me ya kawo wannan bambanci, kuma wa zan ba aikin?"

AMSA

To Malam, Allah ya sa a gama lafiya, ya sa ka shiga a sa'a. Ka yi dabara da ka tambaya kafin ka ba da kafin alƙalami, domin aikin gilashi ya sha bamban da na kafinta ko na tela. Katako in ya yi tsawo a datse, riga in ta yi ɗamam a buɗa ta. Shi kuwa gilashi, da zarar an yanka shi ke nan, in ya gaza ba a ƙara shi, in ya tsage ba a ɗinke shi. Saboda haka duk wata magana da za ka yi da mai gilashi, kafin yanka ake yin ta. Tun ran gini, ran zane.

Bari mu ɗan yi bayanin shi kansa gilashin, don ka san abin da kake saye. Da yashi ake yin sa, a haɗa da wani gishiri ɗan'uwan kanwa, da farin dutsen nan irin wanda ake yin siminti da shi. Sai a narka su a wuta mai zafin digiri wajen 1,500, ka kuwa san ruwa a digiri 100 yake tafasa. Narka gilashi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, ga Masagan Bida nan a ƙasar Nupe sun daɗe suna yin duwatsun wuya da awarwaro da shi. Amma shi shimfiɗaɗɗen gilashin taga mai santsi da muke gani yau, hanyar yin sa ta fito ne daga Ingila. Wani injiniya mai suna Alastair Pilkington shi ya ƙago ta, aka bayyana ta ga duniya a 1959. Dabarar ita ce a kwarara narkakken gilashi a kan narkakkiyar kuza, irin kuzar nan da aka san Jos da ita. Da yake kuza ta fi shi nauyi, sai ya yi iyo a kanta ya baje sumul, ya huce a hankali, sa'an nan a yanka shi manyan falle-falle. Kusan duk gilashin taga na yanzu haka ake yin sa.

To, daga nan ne bambancin kuɗi yake somawa. Abu na farko kauri. Akwai mai milimita 3, da 4, da 5, da 6, da 8, da 10, har 12. In an riga an ɗaura shi a taga, da wuya idonka ya bambanta mai 3 da mai 5, alhali kuwa tsakaninsu akwai rata a kuɗi da ƙarko. Ga lissafi mai sauƙi: kowace milimita ɗaya ta kauri tana da nauyin kilo 2 da rabi a murabba'in mita guda. Ke nan tagar da take mita 1.2 tsaye da kwance, in an sa mata mai milimita 5, gilashinta kaɗai kilo 18 ne. In mai milimita 3 aka sa, bai cika kilo 11 ba. Ka ga wanda ya yi maka araha, mai yiwuwa a nan ya rage. Mai milimita 3 ya fi dacewa da firam ɗin hoto da 'yan ƙananan tagogi. Tagar ɗaki madaidaiciya a nemi mai 4 ko 5, babba kuwa ta falo a haura zuwa 6.

Abu na biyu shi ne alminiyam ɗin da za a yi firam da shi. Shi ma akwai mai kauri akwai shara-shara wanda za ka iya lanƙwasawa da yatsa. Na uku kuma ƙananan kaya: 'yan tayoyin da taga mai zamiya take gudu a kansu, da makulli, da robar da ake zagaye bakin gilashi da ita, da ragar sauro. Waɗannan su ne suke fara mutuwa, kuma su ne mai son cin riba ya fi ragewa, don ya san ba ka duba su.

Saboda haka kada ka tambayi mutum "nawa za ka yi mini taga?" kawai. Ce masa ya rubuta maka a takarda: taga nawa, awon kowace, kaurin gilashi, launinsa, irin alminiyam, da raga ko ba raga, kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban, kuɗin dako a wuyan wa, kuma ranar da za a gama. In ka jera takardun mutum ukun nan, da kanka za ka ga inda arahar ta fito. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado. Amma fa tsada ita ma ba shaidar gwaninta ba ce.

To yaya ake gane gwani? Ga alamu. Na ɗaya, yana da shago ko rumfa sananniya da za ka same shi gobe in wani abu ya taso. Na biyu, zai yarda ya kai ka gidan da ya yi wa aiki shekara biyu ko uku da suka wuce. Sabon aiki kowa nasa yana ƙyalli, wanda ya sha damina da hunturu shi ne shaida. In ka je, ka ja tagar ka ji ko tana tafiya sumul, ka dubi bangon ƙarƙashinta ko akwai sawun ruwa, ka kuma tambayi mai gidan. Gani ya kori ji. Na uku, gwani ba ya karɓar awo ta waya, ba ya kuma dogara da awon magini. Da ƙafarsa zai zo, bayan an gama filasta, ya auna kowace taga ita kaɗai, faɗinta sama da tsakiya da ƙasa, tsawonta dama da hagu, sa'an nan ya gicciya tef daga kusurwa zuwa kusurwa ya ga ko ramin ya karkace. Da wuya ka sami ramin taga biyu da suka zo daidai wa daida a gini ɗaya. Wanda ya auna guda ya ce sauran ma haka suke, to ka yi masa godiya ka sallame shi.

Batun kuɗi kuwa, ba laifi ka ba da na sayen kaya, amma ka riƙe wani kaso na kuɗin hannu sai an ɗaura ka gwada. Ku yi magana tun farko cewa abin da ya fashe a hanya ko wajen ɗaurawa, a wuyan mai aiki yake. Ranar da aka kawo kaya, kafin a sa gilashin a firam, ka ɗora tef a bakinsa ka ga kaurin da idonka. Wannan ba rashin yarda ba ne, kiyaye zumunci ne.

Ƙari a kan tambayarka, Malam, ka yi tunanin iska. Taga mai zamiya rabinta kaɗai ke buɗewa, ga shi kuma ƙurar hunturu tana cika mata hanya. Mai buɗewa kamar ƙofa tana ba da iska duka. Haka ma mai yanka-yankan gilashi da ake ɗagawa da saukewa, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira nako, sai dai ita ba ta tare ƙura sosai. A garin da ake zafi kamar Gusau, kuma wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan abin dubawa ne tun kafin a yi awo.

TAMBAYA TA BIYU

Wannan kuma daga wata baiwar Allah ce a Maraɗi, Jamhuriyar Nijar. Ta ce: "Gilashin tagar falona mai duhu ne, wata uku da sa shi, sai muka wayi gari ya tsage. Na tsare yarana, kowa ya rantse bai taɓa ba. Mai gilashin ya ce jifa ne, ba ruwansa. Shin gilashi yana tsagewa da kansa?"

AMSA

Hajiya, a sassauta wa yara tukuna, domin ƙwarai kuwa gilashi yana tsagewa ba wanda ya taɓa shi. Kuma ita tsagar da kanta takan faɗi abin da ya kawo ta, in an san yadda ake karanta ta. Je ki tsaya gaban tagar ki duba da kyau.

In jifa ne ko bugu, za ki ga wuri guda da abin ya sauka, ya ɗan farfashe, tsagogi sun fita daga nan ta ko'ina kamar saƙar gizo-gizo. In kuwa kika ga layi ɗaya ne ya taso daga bakin gilashin, daga cikin firam, ya miƙe sak na ɗan taƙi sa'an nan ya shiga lanƙwasa yana yawo, babu wurin bugu ko ɗaya, to wannan aikin zafi ne. Abin da ke faruwa shi ne, gilashi mai duhu ya fi fari shan zafin rana. Da hantsi ya fito, tsakiyarsa ta yi zafi tana son buɗewa, bakinsa kuma da yake ɓoye cikin firam yana nan da sanyin dare. Sai a shiga ja-in-ja tsakanin tsakiya da baki. In akwai 'yar ɓantara a bakin tun daga wajen yanka, nan ne zai ɓalle. An fi ganin haka lokacin hunturu, da dare sanyi da rana zafi, ko inda inuwar bango ta raba gilashin biyu, ko inda aka jingina labule mai kauri ko katifa a jikinsa.

Akwai kuma ta uku, wato matsi. Ƙarfe da gilashi duk suna buɗewa in sun ji zafi, amma ba daidai ba. Alminiyam ya ninka gilashi fiye da sau biyu wajen miƙewa da tsukewa. Sandar alminiyam mai mita 2, in zafi ya sauya da digiri 40, takan motsa kusan milimita 2, shi kuwa gilashi mai wannan tsawo bai kai milimita 1 ba. Don haka ne gwani ba ya yanka gilashi cif-cif da raminsa. Yakan bar 'yar rata kamar milimita 3 a gefe, ya sa 'yan guntayen roba a ƙasa gilashin ya zauna a kai, ya zagaye shi da roba ko silikon, yadda ba inda zai goga da ƙarfe. Wanda ya cusa shi da ƙarfi, ko ya bar kan ƙusa yana taɓa shi, to ya haƙa masa rami ne, sai dai jiran rana.

Saboda haka Hajiya, ki sa maigida ya kira mai aikin, a cire robar a gabansa a dubi inda tsagar ta faro. In aka tarar bakin a ɓantare yake, ko gilashin a matse, gaskiya ta fito, gyara nasa ne. Amma ki dubi bango ma. In akwai tsaga a saman taga wajen linta, ko tagar ta soma cijewa wajen buɗewa, to gini ne yake zama yana danne firam. Wannan aikin magini ne, in ba a gyara shi ba ko sau goma aka sauya gilashi sai ya sake tsagewa.

Kafin a zo gyara, ki manna salatif mai faɗi a kan tsagar ciki da waje, kada a riƙa buga tagar, a kuma hana yara wasa a wurin.

TAMBAYA TA UKU

Wani Alhaji ne daga Zangon Kumasi a ƙasar Gana yake cewa: "An ba ni shawara in sa gilashin nan mai kama da madubi a ɗakunan iyalina, wai na ciki yana ganin na waje, na waje ba ya ganin na ciki. Gaskiya ne?"

AMSA

Alhaji, ranka ya daɗe, rabin gaskiya aka faɗa maka, ragowar rabin kuwa shi ne mai muhimmanci ga mai iyali. Shi wannan gilashi ba shi da gaba ko baya a wajen sirri, haske yake bi. Duk ɓangaren da ya fi haske, nan ne yake zama madubi. Da rana waje ya fi haske, sai mai wucewa ya ga fuskarsa, ku kuma kuna kallonsa. To da magariba ta yi aka kunna fitila a ɗaki, sai labari ya juya: na titi yana ganin cikin ɗaki tar, na ciki kuwa ba ya ganin kowa sai kansa. Ka ga inda haɗarin yake, domin iyali sun saki jiki suna zaton a rufe suke. In ka sa shi don rage zafi da ƙyallin rana, madalla, yana yin wannan aiki, amma labule dole ne.

Inda ake son sirri dare da rana, kamar banɗaki da tagar da ke kallon lungu, sai a nemi gilashi mai hazo ko mai zanen ƙyasfi, wanda haske ke ratsawa amma ido ba ya ratsawa. Ka ce wa mai aikin ya zo da guntu, ka sa hannunka a bayansa da dare ka haska tocila, ka ga iya abin da ake gani. Kuma tunda mun ambaci madubi, in za a manna na gaske a bango, a kula da irin silikon ɗin. Mai warin tsami ɗin nan yana cinye shafin bayan madubi, ya bar masa baƙaƙen tabo. Akwai wanda aka yi musamman don madubi, shi za a nema.

TAMBAYA TA HUƊU

Ta ƙarshe daga wani ma'aikacin asibiti ce a Bauci. Ya ce ya sha ganin an kawo yara da mugun yanka, sun afka wa ƙofar gilashi a guje, ko teburin gilashi ya fashe da su. Yana tambaya ko akwai gilashin da ba ya yanka.

AMSA

Malam, Allah ya saka da alheri, tambayarka ta fi sauran nauyi, domin waɗancan maganar dukiya ce, wannan kuwa ta rai. Gilashi na gama-gari in ya fashe, dogayen tsini yake yi kamar wuƙaƙe. Amma akwai iri biyu da aka yi don kare mutane.

Na farko shi ne gasasshe, wanda masu sana'ar ke kira tamfad. Bayan an yanka shi, sai a mai da shi wuta ya kai digiri 600 da ɗoriya, sa'an nan a huce shi farat ɗaya da iska. Wannan yakan sa ƙarfinsa ya ninka na gama-gari kamar sau huɗu ko biyar, in kuma ya fashe sai ya zube ƙanana-ƙanana kamar tsakuwa. Wanda ya taɓa ganin gilashin gefen mota ya fashe ya san shi. Sai dai a lura, shi ba a yanka shi ba a huda shi bayan an gasa, in aka gwada sai ya tarwatse gaba ɗaya. Ke nan awo da ramin makulli da na hannun ƙofa duk sai an gama su kafin a kai shi wuta. Ga kuma hanyar kama maƙaryaci: duk wanda ya ce gasasshe ya kawo maka, sa'an nan ka ga ya ɗauko abin yanka yana rage shi a tsakar gidanka, to ba shi ba ne. Na gaske sau da yawa yana da ɗan tambari a kusurwa wanda ba ya gogewa.

Na biyu shi ne mai ninki, wato falle biyu da aka manne da wata roba mai haske a tsakani. Wani Bafaranshe masanin haɗa magunguna, Edouard Benedictus, shi ya yi rajistar dabarar a 1909. In ya fashe, robar tana riƙe guntayen, ba ya zubowa. Shi ne ake sa wa gaban mota. Ya dace da gilashin da ke sama da kan mutane, da na bene, yana kuma ba ɓarawo wahala.

To ina ya kamata a sa su? Ƙofar gilashi, da gefen ƙofa, da duk tagar da ta sauko ƙasa inda yaro zai iya kai mata karo, da wurin wanka, da saman tebur, da shingen bene. Ko a yi tsimi a ko'ina, kada a yi shi a waɗannan wurare. A tuna kuma da nauyi: ƙofa mai tsawon mita 2 da faɗin santimita 90, in mai milimita 10 ce, kilo 45 ke nan, saura kaɗan ta kai buhun siminti. Irin wannan ba aikin yaron shago shi kaɗai ba ne. Wanda kuma ya riga ya sa na gama-gari, ba shi da halin sauyawa yanzu, akwai leda mai haske da ake mannawa ta riƙe guntaye, kuma ko ba komai a manna wata alama mai launi daidai idon yara don su san akwai gilashi a gabansu.

In tsautsayi ya faru, guntu ya nutse a jiki, kada a zare shi a gida. A danne gefe da gefensa da tsumma mai tsabta, a ɗaga wurin sama, a garzaya asibiti. Tarkacen kuma a naɗe shi a kwali kafin a zubar, saboda masu kwasar shara da almajirai da dabbobi da ke bi ta kan juji. Ya kamata ma kwashe tarkace ya shiga cikin sharaɗin aiki tun farko, kada mai gilashi ya karɓi kuɗinsa ya bar muku tsakar gida da tsini.

To jama'a, da haka muka kawo ƙarshen filin namu na wannan mako. Wanda takardarsa ba ta fito ba ya ƙara haƙuri, tana nan a layi. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku, a rubuta su a taƙaice, a kuma faɗi garin da ake. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu huta lafiya.